Wa Ya Kashe Mis Zelma, Sandar Fatsar Odell Tharpe?

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido ɗaya da ya ƙi rufuwa saboda zargi, Mista Odell Tharpe na Titin Injin Auduga, tare da Ƙungiyar Masu Fatsa da Ƙudan Gashi ta Tafkin Tolliver, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan kudancin Jojiya rasuwar Mis Zelma, sandar fatsa ta gora mai tsawon ƙafa takwas. Ta cika ranar Talata, washegarin daren sha huɗun wata a cikin Afrilu, da misalin ƙarfe bakwai da kwata na safe, a tsakiyar ruwa, da kifi a bakin zarenta. Ta rasu tana da shekara hamsin da ɗaya a duniya.

Mai makoki ya nemi a rubuta ƙarara cewa wannan mutuwa da hannun mutum a cikinta. Tun daga ranar bai ƙara yi wa Mista Lemuel Gaskins magana ba, wato Lem, wanda shekara talatin da takwas ke nan suna shiga jirgi ɗaya, Odell a gaba yana jifa, Lem a baya yana tuƙi. Ko a ƙofar coci da suka yi kiciɓis, Odell allon sanarwa ya tsaya yana karantawa har Lem ya wuce, alhali ba abin da ke jikin allon sai jadawalin masu share harabar coci.

Sakataren ƙungiya, wanda rubuta irin waɗannan takardu ya faɗo a wuyansa ba don yana so ba, ya ɗauki wannan sanarwa daga bakin mai makoki a zama huɗu. Ya bar komai bi da bi yadda aka faɗa masa, har da abubuwan da daga baya aka roƙe shi ya goge.

An haifi marigayiya a shagon wani tsohon kafinta can tsaunukan Karolina. Shi ya tsaga gora gida shida, ya fere kowace tsaga har ta sirance, ya manne su, ya naɗe gaɓoɓin da zaren siliki ja. Ta zo hannun Odell yana ɗan shekara ashirin da biyu, sabon dawowa daga soja, ya raɗa mata sunan gwaggonsa Zelma, domin ita ma siririya ce, miƙaƙƙiya, kuma ba ta ɗaukar wargi.

Waɗanda suka zauna da ita sun shaide ta da natsuwa. Ba ta gaggawa, kuma ba ta son a yi mata. Idan aka ɗaga ta baya sai ta ce fiiiu, a dakata mata kaɗan, sannan ta ce shuuu, ta shimfiɗa zare a kan ruwa, ta ajiye ƙudan, wato ƙugiyar da aka naɗe da gashi ta yi kama da ƙwaro, a hankali kamar mai kwantar da jaririn da ya yi barci. Wanda ya yi mata garaje kuwa sai ta naɗe masa zare a kunne, kuma akwai dikin guda, cikin dattawan cocinmu, da har yau yake da shaidar haka. Ba ta taɓa kwana da danshi ba, domin kowace yamma Odell yakan goge ta da tsohuwar singileti, ya rataye ta ta sha iska, sai da safe ya mayar da ita bututunta. Mis Vernice, matarsa, ta ce da haka yake kula da rufin gidansu da ba su kai shekara shida suna tara ruwan sama da tukunya a falo ba.

Amma babbar shaidar da mai makoki ya ce a rubuta da manyan baƙaƙe ita ce, marigayiya ba ta taɓa sanin tana ba, ba ta taɓa sanin dalma ba.

Kifin nan jan-kunne dai kowa ya san halinsa. Ba ya tasowa sama kamar sauran danginsa masu rawar kai. Yana can ƙasa a kan yashi yana tauna katantanwa, ko kallon ƙudan gashi ba ya yi sai ya ga dama. Mai tana da ɗan ƙwallon dalma a zare zai cika bokiti kafin rana ta ɗaga, amma wannan ai ba su ba ne, cefane ne. Mu a ƙungiya, ranar da mutum zai shiga sai ya ɗora hannu a kan akwatin ƙudajensa ya yi alkawari biyu: ba zai sa abu mai rai a ƙugiya ba, ba zai ɗaura dalma a zare ba. Gashin kurege da 'yar wayar jan ƙarfe da miyau, iyakar abin da aka halatta ke nan don ƙuda ya nutse. Wanda ya karya alkawari, a cire sunansa daga allo, ya rasa kujerarsa a suyar kifi ta Asabar, kuma ba wanda zai sake ɗaukarsa a jirgi.

Allon yana rataye a shagon Mis Ardella Fountain da ke bakin mashiga, wadda take sayar da ƙugiya da ƙanƙara da kofi, take gyaran sanduna, kuma ita ce mai riƙe da ma'auni. A saman allon, tun bazarar bara, sunan Odell ne da na Mis Zelma: jan-kunne mai laba biyu da oza goma sha ɗaya, da ƙudan gashin kurege, shaida Lemuel Gaskins. Sunan Lem yana ƙasa da nasa da oza huɗu. Mai makoki ya ce a ja layi a ƙarƙashin ozar nan huɗu.

Marigayiya ta bar mai ita, Mista Odell, mai shekara saba'in da uku. Ta bar abokiyar zamanta, na'urar naɗe zare, wadda tun ranar ba a ƙara jin kirrr ɗinta ba. Ta bar marayun ƙudaje ɗari biyu da sha huɗu a akwati uku, da bututun kwananta, da singiletin da aka ambata. Akwai kuma wata baƙar sanda ƙirar zamani da surukin Odell ya ba shi kyautar Kirsimeti, wadda take bayan ƙofa a cikin ledarta, ba a kuwa gayyace ta makoki ba. Mai makoki ya ce kada a kuskura a sa sunan Lem a cikin waɗanda aka bari. Sakatare ya ce to, ga shi kuma bai sa ba.

Ga yadda abin ya faru. Da sassafe suka fita, suna bin iska da hanci, domin a makon cikar wata jan-kunne yakan haƙa gurabensa a yashi, kuma wurin yakan yi ƙanshin kankana sabuwar yanka. Mai makoki ya hana a faɗi inda suka ji ƙanshin, ya ce ko a gidan makoki akwai masu zuwa da kunne. Lem ya tsayar da jirgi ba tare da filafili ya yi ƙara ba. Odell ya jiƙa ƙudansa da miyau, ya jefa, ya ƙirga ashirin da biyar, ya ɗan ja. Zare ya yi nauyi. Kifin ya juya gefe yadda suka saba, ya shiga zagaye, Mis Zelma ta sunkuya masa kamar kullum. Ba a ɗaga ta fiye da kima ba, ba a fizge ta ba, Odell ya rantse a kan wannan kuma sakatare ya yarda da shi. Kawai sai aka ji ƙas.

Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Ta karye taƙi ɗaya da rabi daga kai, kifin ya tafi da ƙudan, guntun ya yi ta yawo a kan ruwa har Lem ya jawo shi da filafili ya miƙa wa Odell. Ya dubi karayar, ya dubi Odell, ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ne ya tsaya wa Odell a rai. Ya ce mutumin da ya ga sandar shekara hamsin ta karye a gabansa ai salati yake yi, ko ya zabura, ko ya cire hula. Wanda ya ce "to" kawai, to ya daɗe yana jira.

A zama na farko dai bai bar kowa ba. Ya fara da Mis Vernice, domin shekara uku da suka wuce ya kama ta tana kaɓe gidan rina a baranda da gindin marigayiya. Da sakatare ya je jin ta bakinta, tana tsinkar wake ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ɗaga murya yadda mijin zai ji daga ɗaki.

"Odell Tharpe, da ni zan kashe ta, da tuntuni na kafa ta a lambu, ka ci tumatirin da ya hau jikinta."

Aka sallame ta. An binciki ƙofar raga ta baranda, an binciki fankar silin, an binciki karen gida aka tarar haƙoransa huɗu suka rage. Fasto ma bai tsira ba, domin a wa'azin Ista ya yi magana a kan gumakan itace yana duban layi na uku, inda Odell yake zama. Amma duk wannan kewaye ne, kuma sakatare ya san inda za a sauka tun kafin a taso.

A zama na biyu Odell ya zo da hujjojinsa a rubuce a bayan ambulan. Lem ne ya ɗora sandar a mota a safiyar, kuma Lem mutum ne mai buga ƙofa. Lem tsohon mai tana ne, sai da ya kai shekara talatin da biyar sannan ya tuba, kuma irin wannan tuba ba a cika sakin jiki da ita ba. Lem ya taɓa aron marigayiya sau ɗaya, a Afrilun bara, ranar da Odell ya je ganin likita, ya dawo da ita yana cewa ta yi masa laushi. Laushi fa! Sannan ga oza huɗu. Odell yana cikin karantawa ne sakatare ya gane cewa ba sandar kaɗai yake yi wa baƙin ciki ba. Mutumin ya yarda har cikin ransa cewa abokin da ya ɗauki akwatin gawar mahaifinsa da shi ya danne masa sanda da ƙofar mota don hassada, kuma wannan yardar tana cinsa fiye da karayar.

Shi ya sa ya nace a yi binciken gawa, kuma a gaban shaidu. Ranar Juma'a mutum tara suka hallara a shagon Mis Ardella, kowa da kofinsa. Lem ya zo ba wanda ya kira shi, ya zauna a kan akwatin ƙanƙara can gefe. Mis Ardella ta shimfiɗa tawul, ta jera guntayen biyu, ta maƙala gilashin masu gyaran agogo a ido, ta yi ta juya su har mutane suka fara gyaran murya.

"Ƙofa ce, ko?" in ji Odell. "Faɗa musu, Mis Ardella. Ƙofar mota."

"Ƙofa murƙushewa take yi. Wannan ba a murƙushe ta ba." Ta miƙa masa gilashin. "Zo ka gani da idonka, Ɗan'uwa Odell."

Dab da karayar akwai ɗan loɓi, bai fi ƙwayar dawa ba, mai launin toka. Ta kankare shi da bakin allura ta nuna wa kowa.

"Dalma ce. Wani ya ɗaura dalma a zare ya yi jifa, ta dawo ta bugi kan sandar. Man sheƙin ya fashe, ruwa ya riƙa shiga. Ku dubi cikin goran yadda ya yi baƙi. Wannan rauni ya shekara."

Kowa ya shiga ƙirga watanni a ransa, kowa kuma ya sauka a Afrilun bara. Wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma an ji, ai Lem ya ari sandar a lokacin, kuma kowa ya san daga inda Lem ya fito. Kawuna tara suka juya wajen akwatin ƙanƙara.

Lem bai dubi ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya kafe Odell da ido, ya daɗe yana dubansa, kamar mai ba mutum hanya ya wuce. Odell ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tawul. Sai Lem ya ajiye kofinsa, ya sa hula, ya ce, "Mis Ardella, na gode da kofi." Ya fita, bai buga ƙofar ba.

Nan take aka sa ranar Litinin ta sama don a zauna a cire shi. Doka ce, ba mu muka fara ta ba.

To, sakatare ya daɗe a duniya, kuma ya ga fuskar mutanen da suka ci shari'a. Ba haka take ba. Odell, wanda ya tara jama'a don a tabbatar masa da kisa, aka kuma tabbatar, ya fita daga shagon jiki a sanyaye, ya naɗe gawar a baibai, ya manta bututun a kan kantar shagon. Ranar Lahadi ba a ji muryarsa a waƙa ba, shi da yake rufe muryar layi uku. Mis Vernice ta ce kwana biyu ke nan yana barin rabin ƙwai a faranti, abin da bai yi ba ko a makon da aka yi masa aikin zuciya.

Ƙungiya ta tura sakatare ya ji ta bakin wanda ake tuhuma. Ya tarar da Lem a tsugune yana kwance injin yankan ciyawa wanda ba abin da ya same shi. Ya roƙe shi ya kare kansa, ko da da kalma ɗaya ce. Lem ya tambaya me Odell ya ce. Aka ce masa bai ce komai ba. Ya ce to shi ma bai ce ba, ya ci gaba da kwance injinsa. A hanyar dawowa sakatare ya fara tunanin abin da bai so ya tuna ba, wato Lem safiya ɗaya tak ya riƙe sandar nan a bara, sauran kwanaki ashirin da tara na Afrilu kuwa tana hannun mutum ɗaya.

Zama na uku ya ƙara masa zargi. Odell ya shigo yana murza hula, ya ce ya yi tunani, gara a goge maganar kisa, a rubuta cewa marigayiya ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Ya ce gora ma yana tsufa. Ya ce ita Mis Ardella idonta ba kamar da ba ne, wataƙila loɓin nan tsakuwa ce. Ya ce zaman Litinin ma ba dole ba ne, a bar wa Allah. Sakatare ya ajiye biro ya ce masa, Ɗan'uwa Odell, kai ka ce kisa ne, kai ka tara mutane, kai ka kawo ambulan, yanzu kuma ciwon tsufa ne? Ya gaya masa gaskiya, cewa ko an goge ko ba a goge ba mutum tara sun ga dalma, kuma ranar Litinin Lem zai fita daga ƙungiya, ba mai sake ɗaukarsa a jirgi, ga shi da gwiwa ɗaya ta ƙarfe ba zai iya tura jirgi shi kaɗai ba. Su ya ƙare masa ke nan. Odell ya tashi ya fita bai yi sallama ba.

Ya dawo ranar Alhamis da hantsi. Wannan karon bai zauna ba.

"Rubuta," in ji shi. "Ni ne."

Ga abin da ya faɗa, kuma ya ce kada a gyara masa. A hunturun da ya gabaci bazarar bara aka buɗe masa ƙirji. Ya tashi, amma hannunsa na dama ya riƙa rawa, ƙudan ba ya sauka inda ya nufa. Mako uku suna kan guraben kifi bai kama ko ɗaya ba, likita kuma yana ta maganar a rage shiga ruwa. Tsoro ya kama shi, ya ga kamar bazararsa ta ƙarshe ke nan, kuma zai fita daga tafkin nan hannu wofi. Sai wata safiya ya je bayan jujin takin Mis Vernice ya tono tana uku, ya zuba a gwangwanin taba, ya sa a aljihu tare da ɗan ƙwallon dalma. Da suka isa wurin, Lem ya juya yana zuba kofi daga fulas, shi kuwa ya datse dalmar a zare da haƙori, ya soka tana a ƙugiyar ƙudan. A jifan farko ya ji wani ɗan tas a kan sandar, bai kula ba, hankalinsa yana kan kada a gan shi. A jifa na biyu kifin allo ya hau. Ya zare dalmar ya sake ta a ruwa kafin Lem ya miƙo ragar ɗauka.

Ya ce Allah ya sani bai taɓa haɗa tas ɗin nan da ƙas ɗin nan ba sai da ya sa ido a gilashin Mis Ardella. Duk zargin da ya yi wa Lem da gaske ya yi shi. Amma daga lokacin da ya ga loɓin ya san komai, ya kuma ga kawuna suna juyawa, ya ga Lem yana dubansa, bakinsa ya ƙi buɗewa saboda allon yana rataye daidai saman kansa. A nan ya yi kuka, tsoho mai shekara saba'in da uku, a tsaye, da hula a hannu. Sakatare ya ji haushinsa ƙwarai, ya kuma ji tausayinsa, kuma har yanzu bai san wanne ya fi yawa ba.

Saboda haka ana gyara sanadin rasuwa kamar haka: Mis Zelma ta rasu ne sakamakon raunin da mai ita ya ji mata da hannunsa, ta yi jinyarsa shekara guda ba tare da ta yi ƙorafi ba. An wanke Mis Vernice, da fankar silin, da kare, da Fasto. An wanke Mista Lemuel Gaskins, kuma mai makoki ya ce a mayar da sunansa cikin waɗanda aka bari, a sa shi a farko. Zaman Litinin yana nan, sai dai wanda za a zauna a kansa ya canza. Sakatare ba ya tsammanin za a cika, domin tun da labari ya fita mutum uku sun same shi a keɓe, kowanne yana tambaya wai shin Mis Ardella duk sandar da aka kai mata gyara sai ta sa mata gilashin nan ne. Bai rubuta sunayensu ba, amma ya riƙe su.

Odell ya roƙi sakatare ya kai wa Lem takardar kafin a liƙa ta. Lem ya karanta ta a tsaye, daga farko har ƙarshe, ya koma ya sake karanta wurin ambulan. Sannan ya naɗe ta ya mayar.

"Shekara talatin da takwas ina zaune a bayan mutumin nan," in ji shi, "ya ɗauka ƙeyarsa kawai nake gani? Tun a mota tana ɗaya ta leƙo daga aljihunsa. Kofin nan da na juya ina zubawa, sau uku na zuba shi ina mayarwa, don tsohon ya kasa soka ta."

Sakatare ya ce to don me ya sa hannu a shaida, don me kuma bai yi magana ranar Juma'a ba.

"Hannunsa yana rawa, ɗan'uwa. Me zan ce?" Ya goge man inji a wandonsa. "Tanar ba ta dame ni ba, ni na fi shi sanin daɗinta. Ambulan ɗin ma na yafe, mai makoki ba ya cikin hankalinsa. Shirun da ya yi a shagon nan ne ban san inda zan ajiye shi ba. Zan zo in ɗauki gawa, don ita ba ta yi mini komai ba. Maganar jirgi kuwa, ya zo ya tambaye ni da bakinsa. Ba na karɓar ta a takarda."

Sakatare ya kai saƙon yadda aka ba shi, bai rage ba. Odell ya saurara har ƙarshe, ya tambayi Mis Vernice inda takalminsa na coci yake.

Za a ajiye gawar a kan kantar Mis Ardella ranar Juma'a daga azahar zuwa ƙarfe biyar don masu ban kwana. A duba da ido, kada a taɓa, kuma kada wanda ya ce a ba shi zaren silikin. Da farko an so a yi mata makwanci a tafkin da ta yi wa hidima, sai aka tuna gora ba ya nutsewa, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin kawo shawarar a ɗaura mata nauyi. Don haka za a binne ta ranar Asabar da ƙarfe shida na safe a ƙarƙashin ɓauren da ke bayan shago. Mai makoki zai zo da sukuddireba ya kwance sunansa daga allo da kansa, ana roƙon jama'a kada a taimaka masa. Fasto zai yi addu'a, an kuma roƙe shi ya taƙaita. Bayan nan akwai soyayyen kifi da ƙosan masara da shayi mai sanyi. Ƙanin Mis Vernice ne ya kamo kifin, kada kowa ya tambaya da me. Ba a buƙatar furanni, mai son yin alheri ya kawo wutsiyar kurege.

Masu ɗaukar gawa mutum biyu ne, Odell da Lem, ɗaya zai riƙe gindi, ɗaya zai riƙe kai. Idan mota ɗaya ta kawo su, sai a fara addu'a. Idan mota biyu ce, a yi haƙuri a koma cikin shago a ba su wuri, kuma kada a leƙa ta taga. Mis Ardella ta ce kofi ba zai ƙare ba.

Allah ya ba waɗanda aka bari haƙurin rashinta, ya kuma ba su haƙurin juna.